Butar da Ke Ƙarƙashin Kujera

Kafin maƙwabtansa na gareji su buɗe, Baba Mai Waya ya riga ya share gaban rumfarsa, ya shimfiɗa kwalin da yake kwanciya a kai, ya rataya mitarsa ta gwada wuta a wuya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran wutar mota. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don ido ya fara yi masa gardama, kuma tun yanzu mun fara kewarsa.

Motar gwaggona ce ta sa na san shi. Bayan rasuwar mijinta ta hana a taɓa komai a cikinta, daga hularsa har butarsa. Wata takwas motar tana ajiye, rannan da aka zo tayar da ita ta ƙi tashi. Masu gyara uku suka jona na'urar bincike, ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar motar, ta yi gum, ba ta amsa sauran na'urorin motar. Duk suka ce ta mutu, irinta kuma an daina kawowa. 'Ya'yanta suka yanke cewa in Baba ya kasa, masu sayen ƙarfe za a kira.

"Hajiya, ni ba na yi wa ƙwaƙwalwa jana'iza sai na tambaye ta abin da ke damunta," in ji Baba da aka kai masa motar. "Wataƙila lafiyarta ƙalau, hanyar maganar aka toshe mata."

Ya gwada wutar da ke shigarta, ya same ta daidai. Sai ya kama wasu wayoyi biyu da ke murɗe da juna, waɗanda saƙo ke bi, yana lalubensu da yatsa taƙi bayan taƙi. Wuni biyu yana kwance a kwalin nan. A ƙarƙashin kujerar direba ya ji shimfiɗar da danshi. Butar marigayin ce ta tsage, ta tsiyaye a kan mahaɗin wayoyin har ya yi tsatsa.

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. "Ashe ni ce na kashe masa ita."

"Ajiyewa kika yi, Hajiya. Shiga ki zauna."

Ya kankare tsatsar, ya naɗe mahaɗin, ya mayar da butar inda take, babu ruwa. Da ya murɗa makulli, injin ya ɗauka, rediyo ta kama tashar da marigayin ya bari. Ya kai hannu zai kashe rediyon, gwaggo ta ce, "Bar ta ta ɗan yi tukuna."

Kai ne, Baba, ka fita a hankali ka tura mata ƙofar, ka bar ta da ƙarar da ta yi wata takwas tana marmarin ji. Mun gode, sarkin haƙuri, Allah ya ba idon nan lafiya. Ku da za ku gaji rumfar, kafin ku ce abu ya mutu, ku durƙusa ku bi wayar tukuna, kamar yadda ya yi.