Mai Bayani na Bakwai

Shekara tara ke nan da muka kai yayana, Malam Sumaila, makwancinsa, amma har yau in na fara ba da labari sai in ji kamar zai katse ni da tambayar nan tasa: "Daga wa ka ji?" Ko labarin tsadar goro ka kwaso masa daga kasuwar Race Course, sai ka faɗi wanda ya gaya maka. Shi kuwa in zai yi maganar fataken da suka fara sauka a Zongo, sai ya ce ya ji daga babanmu, babanmu ya ji daga madugun da ya bi. Mukan gaji da jerin sunayen kafin a iso kan labarin.

Gab da rasuwarsa wani Dakta mai bincike ya riƙa zuwa gidanmu a unguwar Buokrom da rakoda. Ya durƙusa ya gai da Yaya, ya ci abincinmu, ya kwashi tarihi son ransa. Littafin ya fito bayan rasuwa. Na duba shi ciki da bai, ban ga Sumaila ba. Maganarsa tana nan, har da yadda yake jan ta, amma a ƙarƙashinta an rubuta "Mai Bayani na Bakwai". Jerin sunayen da yake ji da shi kuwa an sare shi gaba ɗaya.

Da na yi ƙorafi aka ce ƙa'ida ce, ana ɓoye sunan wanda aka yi hira da shi don a kare shi. A kare shi daga wa? Ina zaune aka yi yawancin hirar, ban ji an tambaye shi ko yana son kariyar ba. Na san zato zunubi ne, amma biri ya yi kama da mutum. Yau duk ɗalibin da ya taɓa tarihin Zongo, sunan Dakta yake rubutawa da shekarar littafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin yana yi min ciwo.

Bara waccan Rabi, 'yar Yaya, ta zo rubuta kundin digirinta. Ta sa "mahaifina ya ce", malamin da ke duba aikin ya zagaye da jan biro.

"Baba Ƙarami, wai hirar baki ba ta shiga jerin manazarta koraa, ko kaɗan," in ji ta. "In zan ambace shi a cikin rubutu ma, sai na sa ranar da ya faɗa min."

Na ce, "Wace rana? Abin da kike ji tun kina goye?"

"Shi ya sa suka ce in ambaci littafin Dakta, ya fi sauƙi."

Haka yarinya ta aro maganar ubanta daga hannun baƙo, don ta ci jarrabawa.

Da Yaya na raye, ba na jin zai zagi ƙa'idar duka. Mutanen da ke tilasta maka ka faɗi littafi da shekara da lambar shafi, ai 'yan'uwansa ne a hali. Sai dai zai tambaye su me ya sa silsilarsu ke farawa daga maɗaba'a, kamar kafin injin buga littafi babu wanda ya taɓa sanin komai.

Makon jiya Rabi ta kawo min takardar wani ɗalibi da ya ambaci aikinta. Ta buɗe jerin manazarta ta ɗora yatsa. Ƙa'idarsu ta ce sunan dangi ke zuwa farko, mu kuwa a Zongo sunan uba shi ne sunan dangi. Sai ga shi ƙuru-ƙuru a farkon layi: Sumaila, R.

Har yanzu ban yarda da su ba, don ba da niyya suka yi ba. Amma duk wanda ya tambayi ɗalibin nan daga wa ya ji, sunan yayana zai fara fitowa daga bakinsa. Allah ya jiƙanka, Yaya.