Rijiyar da Jika Ke Kira

Jika mahaƙin rijiya ne. Tsakanin Deule da Buza, garuruwa da yawa ruwan hannunsa suke sha. Mutum ne marar yawan magana, yana da ɗingishi kaɗan a ƙafar hagu.

Akwai wata busasshiyar rijiya a bayan garinmu. Shekara arba'in, duk ranar da yake gida, in rana ta take tsaka, sai ya je bakinta ya leƙa ya ce, "Isaka, hito, rana ta yi." Ya ɗan jira, ya juyo. Haka masu haƙa ke kiran na ƙasa ya fito ya huta. Isaka ƙanensa ne. Mu da muka ja igiya ranar da gefen ramin ya zube a kansa, mun san wanda ya ce masa ya ƙara kamu ɗaya kafin ya fito. Ba mu taɓa faɗa ba.

Wata shekara wani baƙo ya zo aikin dashen itace, ya yi wata uku. Mai fara'a ne, kome ya gani sai ya rubuta. Da ya koma ƙasarsu ya yi littafi da Faransanci a kan abubuwan ban dariya na mutanen hamada, ko da yake mu duwatsu muka sani. Bai yi ƙarya ba. A cikin littafin ya sa tsohon da ke hira da rami.

Idris, malamin lakwal, wato makarantar boko, surukin Jika, shi ya ga ra'ayoyin masu karatu a wayarsa. Ya zo da murna, ya same mu a gindin gawo.

"Baba, ka yi suna! Wannan ta ce ta yi dariya har shayinta ya zube."

"Madalla," in ji Jika. "Sai wa?"

"Wannan ya ce ina ma shi ne, mutanen hamada ba su da damuwa. Wani kuma ya ce ƙage ne, babu mahaukaci irin wannan."

"Su nawa sunka yi magana?"

"Sun fi ɗari biyu, Baba."

"Cikinsu akwai wanda ya tambayi wane ne Isaka?"

Idris ya daɗe yana jan yatsa a kan wayar. Bai ɗago kai ba.

Labari ya bazu. Ran kasuwa samari suka fara bin sa da wayoyi. Wani ya ɓuya bayan dutse, da Jika ya yi kira, ya amsa da murya siririya, "Ina tahe, yaya!" Aka yi ta shewa. Jika ya tsaya cak.

Washegari ya ɗaura wa jakinsa mangala. Kwana tara yana jidar duwatsu yana zubawa a rijiyar, bai yarda kowa ya kama masa ba. Ranar ƙarshe na je na tsaya kusa da shi.

"Ka rufe ta ke nan?"

"Ya ji kira ya isa," ya ce.

Yanzu da tsakar rana yana zaune a zaure, fuskarsa ga bango. An ce littafin yana sayuwa sosai.