Anti Nuna-Mini da Ƙirjin Kafinta

Kafin masu shara su gama goge baranda ta riga ta iso. Ɗakinta ne na ƙarshe a sashen masu ciwon ƙirji, ɗan ƙarami mai taga ɗaya. Tana shiga za ta buɗe tagar, ta cika jug da ruwa, ta jera kofuna kusa da wurin wanke hannu, sannan ta jawo aljihun tebur ta zazzage kayan aikinta: kwankon magungunan shaƙa iri-iri waɗanda babu komai a cikinsu. Akwai dogo mai feshi, akwai zagayayye mai ɗan maɓalli a gefe, akwai wanda ake murɗa gindinsa har ya ce ƙas.

Ma'aikaciyar jinya ce, amma da wuya ka sami wanda ya riƙe sunanta na yanka. Duk wanda likita ya rubuta wa maganin shaƙa na asma ko na daɗaɗɗen ciwon huhu, ɗakinta yake biyowa kafin ya kama hanyar gida. Idan ta gama bayani ta ce ka gane, ka ce ka gane, sai ta miƙo maka kwanko ta harɗe hannu ta ce, "To, nuna mini." Daga nan sunan ya bi ta. Ƙarshen watan nan Anti Nuna-Mini za ta ajiye aiki.

Wata malamar makaranta ta ba ni labarin yadda ta jefar da nata maganin don muryarta ta dusashe, bakinta ya yi fari-fari yana zafi, ga ɗalibai ba sa jin abin da take faɗa. Anti ta leƙa bakin, ta ce, "Idan kin shaƙa, me kike yi bayan nan?" Malama ta ce ɗaukar jaka take ta fita. Anti ta tsiyaya ruwa ta miƙa mata. "Kurkure, ki wasa har maƙogwaro, ki tofar. Kullum haka, duk shaƙa." Aka ba ta maganin bakin, ta koma kan abinta, murya ta dawo.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na kawuna.

Kawu kafinta ne tun kafin a haife ni. Shagonsa ƙofa biyu, gaba kujeru da gadaje, baya zarto da guduma da garin katako har idon sawu. Asma ta daɗe tana taɓa shi, amma bara ta tasa shi gaba. Likita ya ba shi zagayayyen nan, ya yi masa bayani dalla-dalla. Magani biyu ne a haɗe a ciki, ɗaya yana kwantar da kumburin hanyoyin iska, ɗaya yana riƙe su a buɗe. Garin magani ne, ba feshi ba. A shaƙa safe da yamma, ko ana jin daɗi ko ba a ji. Shi ba na ceton gaggawa ba ne. Idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ga ƙaramin shuɗi na feshi.

Wata ya zo ya wuce, wani ya biyo baya, ƙirjin Kawu yana nan yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Rannan ya yanke jiki ya faɗi a gaban wani da ya zo karɓar tebur, aka kwashe shi sai asibiti. A nan babbar 'yarsa, wadda muke kira Yaya, ta yanke hukunci.

"Baba, na sayi kwaɗo. Idan ka koma asibiti likita ya ce babu sauƙi, da hannuna zan rufe shagon nan."

"Ke kika buɗe shi?"

"A'a. Amma ni ce na ɗauko ka daga ƙasa."

Kawu ya kau da kai. Duk mun san idan aka raba shi da zarto, an gama da shi ne ta wata hanyar.

Likita ya duba 'yar tagar lambar da ke jikin maganin, ya ga tana sauka daidai, alamar ba a tsallake ba. Ya ce kafin ya ƙara ƙarfin magani, bari Anti ta gan shi tukuna.

Kawu ya shiga ɗakinta da sabuwar riga, ya zaro maganinsa a goge tas. Ya buɗe, ya tura maɓalli, ya juya kai gefe ya fitar da iska, ya kama bakin abin da leɓe, ya zuƙa da ƙarfi, ya riƙe numfashi, ya saki a hankali. Har ya kurkure baki ba a ce masa ba.

"Baba Kafinta, ai kai sai dai ka koya wa wasu," in ji Anti.

"Faɗa wa mai kwaɗo," Kawu ya ce, yana nuna Yaya da haɓa.

Wani zai ce shi ke nan, magani ne bai karɓe shi ba. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Tana juya maganin a hannu, tana jero tambayoyi. Ina yake ajiye shi? A shago, kan kanta, don da sassafe yake fita. Ruwa yana taɓa shi? Ko kusa. Akwai wanda yake ba wa aro? Kawu ya ce shi ba ya ba da aron burushin haƙori ma. Sai Anti ta ce, "Ina ne shagon?"

Anti, ke ce wadda ba ki iya kwana da tambaya a ciki. Ba aikinki ba ne, ba wanda ya aike ki. Kika tashi daga aiki da yamma, ƙafa duk ta gaji, kika hau mota kika sauka a layin masu katako kina tambayar shagon tsoho mai tari.

Yaya tana wurin, ita ta ba ni wannan ɓangaren. Ta ce Anti ta ƙi yin maganar magani ko kaɗan. Cewa ta yi kallo ta zo. Kawu ya jawo mata benci, ya sunkuya ya hure shi, fuu, ta zauna. Ya ja layi da fensir a kan katako, ya hure. Ya cire tabarau, ya hure, ya mayar. Mai shayi ya kawo shayi, Kawu ya ɗauko kofi daga kanta, ya leƙa ciki, fuu, ya miƙa a zuba. Yaya ta ce daga nan ta ga Anti ta daina kallon kujeru, ta koma kallon bakin Baba.

"Baba Kafinta, lokacin na yamma bai yi ba?"

"Ya yi kuwa."

Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko, ƙura ta yi masa lulluɓi. Ya buɗe, ya tura maɓalli ya ce ƙas. Ya ɗaga shi saitin haske, ya ƙanƙance ido ɗaya kamar mai duba miƙewar katako, ya kumbura kumatu.

Fuu.

Wani ɗan farin gari ya tashi a cikin hasken ƙofa ya bi iska.

"Tsaya!" Anti ta miƙe har shayi ya zube mata a siket. "Me ka yi yanzu?"

"Me na yi? Ban ma fara ba."

"Ka hure shi."

"Ni? Yaushe?"

"Baba, wallahi ka hure," in ji Yaya, hannu a baki.

Kawu ya dubi maganin, ya dube su. "To ƙura zan shaƙa? Mai asma?"

Anti ta zauna tana dariya har da share ido. "Maɓallin nan da ka tura, shi ya buɗe garin ya ajiye maka a bakin ƙofa. Kai kuma ka hure shi. Wanda bai tashi ba, damshin numfashinka ya danƙare shi. Lamba tana sauka, kai kana zuƙar iska. Baba Kafinta, wata da watanni shagon nan kake wa magani."

"Shi ya sa ko gara ba ta ci mini katako," Kawu ya ce. Sannan ya nemi wuri ya zauna.

A asibiti bai hure ba don babu ƙurar da zai gani. A shago kuwa baki ne ke aikinsa, kai bai sani ba. Anti ta san ba a hana kafinta hura da faɗa, sai ta sauya wa maganin gida. Ta ce daga yau a ɗakin kwana zai zauna, kusa da burushin haƙori, a shaƙa kafin fita da bayan dawowa, a kurkure baki. Idan bakinsa ya yi datti a goge da busasshen ƙyalle. Ƙaramin shuɗin ne kaɗai zai riƙa bin sa shago, a aljihu, da murfinsa. Ta kuma juya kan Kawu babu wasa a fuska: ƙurar nan ba ƙawarsa ba ce, takunkumi dole, gugar katako kuma a fitar da ita waje inda iska ke kaɗawa. Washegari ta shaida wa likita abin da ta gani, ya ce a bar magani yadda yake a ga abin da zai yi.

Yaya ba ta mayar da kwaɗon ba, ta ce sai ta gani da idonta. Makonni kaɗan Kawu ya fara kwana ba tari. Ranar komawa asibiti ya hau matakala bai tsaya ya dafa bango ba. Likita ya ɗora abin sauraro a bayansa ya daɗe yana ji, sannan ya ce ya ci gaba da aikinsa, amma da takunkumi, kuma kada sauƙi ya ruɗe shi ya daina shaƙa.

Anti, ke ce mai ido a inda kowa ya ɗauka an gama gani. Ba ki ce tsoho ne mai taurin kai ba, ba ki ce ƙarya yake yi ba. Kin yarda da shi, kin yarda da maganin, kika ce to akwai abin da ke tsakaninsu, kika bi shi har inda yake. Allah kaɗai ya san ƙirji nawa kika buɗe a ɗan ɗakin nan. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba ki lafiyar da kika nema wa mutane.

Ku da za ku gaji kujerarta, kada ku tsaya a kan "ka gane?" Ku tambayi mutum ina yake kwana, me yake yi da hannunsa, ina yake ajiye abinsa. Mu kuma masu majinyaci a gida, mu zauna mu kalli yadda yake shaƙa, ba a gaban likita ba, a inda ya saba.

Jiya na bi ta layin masu katako. Na tarar da Yaya a ƙofar shago tana faɗa da Kawu, wai ya yi mata alkawarin kabad tun bara.

"Ki bi layi," ya ce mata ta cikin takunkumi, bai ko ɗago daga zarto ba. "Akwai mutane a gabanki."