Jan Kati a Wajen Alwala

Ina aji biyu na babbar sakandare a Kazaure aka fara ba ni usur. Ban iya ƙwallo ba, ban kuma taɓa iyawa ba. Littafin dokokin wasa kawai na karance har na haddace shi, don haka idan gardama ta tashi a filin makaranta ni ake nema. Ina jin nauyin magana a cikin jama'a, amma usur ya rage min wahala: in busa, in nuna da hannu, shi ke nan.

Wata shekara bayan girbi aka kira ni alƙalancin wasan yara a wani ƙauye na yankin Gwiwa. Baƙin daga Roni suka zo a wata tsohuwar bas. Filin gonar gyaɗa ce da aka cire, aka ja layi da toka. 'Yan kallo a kan layin suka tsaya, cikinsu har da samari masu sandunan kiwo, don daga daji suka biyo.

Aka tafi hutun rabin lokaci Roni na da ci ɗaya, 'yan gida ba ko ɗaya. A wasannin can hutu shi ne lokacin la'asar. Kowa zai cire takalmi, a yi alwala a bakin famfo, 'yan gida da baƙi su yi sahu ɗaya.

Ina tsugune da buta na ga abin. Yaron Roni da ya ci ƙwallon, wani siriri, yana wanke ƙafarsa a kan dutse. Mai tsaron bayan 'yan gida, mai lamba biyar, bai cire takalminsa ba tukuna. Ya duba hagu, ya duba dama. Sai ya ɗora ƙusoshin takalmin a kan yatsun yaron, ya danna da dukan nauyinsa, ya murza.

Yaron ya ƙwalla ƙara. Farcen babban yatsansa ya ɗaye, jini na bin ruwan alwala.

"Ayya, sannu ɗan'uwa!" in ji mai lamba biyar. "Wallahi ban gan ka ba."

Kowa ya ji ƙarar, amma ni kaɗai na ga dube-duben da ya yi kafin nan. Shi ma ya ga na gani.

Doka a fili take. Ikon alƙali ba ya tsayawa don an tafi hutu, kuma irin wannan mugunta jan kati ce, ana wasa ko ba a yi. Sai dai a wajen mutanen can ikon rafali a bakin layin toka yake ƙarewa. Kuma ka ce yaro ya cuci baƙo da gangan yana shirin salla, gidansu duka ka zaga.

Da aka ta da iƙama sai mai lamba biyar ya zo ya tsaya kusa da ni, ya haɗa ƙafarsa da tawa kamar yadda ake yi a sahu. Raka'a huɗu ina jin yatsansa na danna nawa. Ana sallamewa ya sunkuyo.

"Rafali, me ka gani?"

Na miƙe na nufi wajen takalmina. Ina ɗaura takalmi wani dattijo ya tsaya a kaina, baffan mai lamba biyar ne, shi ya saya wa ƙungiyarsu riguna.

"Ɗana, ɗan gidan wa ne kai a Kazaure?"

Na gaya masa.

"Madalla, na san gidan. Ka yi nisa da gida yau. Wancan abu tsautsayi ne, ko?"

"Baba, ina gani," na ce, idona a ƙasa. Ko ni ban san abin da nake nufi ba.

Suka jeru a fili. Na kira mai lamba biyar zuwa tsakiya, inda ba wanda zai ce ikona bai kai ba, na ɗaga jan kati.

Na zaci ihu za a yi. Amma ba a yi ba. Yaron ya tuɓe rigarsa a hankali, ya je ya zauna cikin masu sanduna, yana kallona.

Kocin Roni ya matso kamar zai gyara safa.

"Malam, don girman Allah, ko yanka mu suka yi a gaban raga, kada ka ba mu fenariti."

Aka ci gaba. Duk busar da na yi sai in ga 'yan kallo sun ƙara taku ɗaya cikin fili, har layin tokar ya ɓace a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wani ya fara buga gindin sandarsa a ƙasa, sauran suka bi shi. Yaran Roni suka daina kai hari, suna ta mayar da ƙwallo baya.

Sai 'yan gida, su goma, suka rama. Fili ya yamutse da murna. Ta cikin hayaniyar na hango direban Roni ya juya bas ta fuskanci hanya, bai kashe injin ba. Na duba agogo, saura minti tara. Ban taɓa rage ko daƙiƙa ɗaya a wasa ba.

Na busa tashi.

Kafin murnar ta lafa mun shige bas, ni ma da su, duk da ba hanyata ba ce. Muna fita wani abu ya daki bayan motar da ƙarfi, sau biyu. Ba wanda ya waiwaya.

Yaron da aka taka yana kusa da ni, an ɗaure masa yatsa da tsumma. Sai da ƙauyen ya ɓace ya yi magana.

"Yaya, lokaci ya cika kuwa?"

"Ya cika," na ce.