Direban da Ya Sauke Tabarmarsa

A bakin ma'aunin manyan motoci, wani tsohon direba yana tsaye kusa da tirelarsa mai ɗauke da siminti. Hannunsa na hagu ya fi na dama duhu, saboda shekarun da ya yi yana jingine shi a taga.

Jami'in awo ya ce, "Baba, ka haura da tan shida. Sai an rage."

Tsohon ya hau, ya sauko da tabarmarsa da butarsa, ya ajiye a gefe. "To, ɗana, sake dubawa."

"Baba, ko rigarka ka tuɓe, ma'aunin nan ba zai ji ba."

Sauran direbobi suna ta cacar baki, wasu na zargin gwamnati, wasu masu kaya. Shi dai tsohon ya san in ya sauke buhu ɗaya, maigidansa zai karɓe makulli. Ya tsuguna yana shafa kwaltar da ta lotsa daidai faɗin tayarsa. Wataƙila tun yana saurayi yake bin hanyar nan, lokacin tana sumul.

A hankali ya ce, "Mu muka cinye ta."