Malam Isiyaku da Allunan da Ke Kulle

Malam Isiyaku ya rasu. Jikata Rabi ce ta faɗo mini rumfa a kasuwar Marché Central, ko sallama babu, ta faɗa mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Rikicin Bamenda ne ya koro shi Duwala, bayan an rufe makarantarsu. Ya iso unguwar New Bell da jaka ɗaya da tsohuwar kwamfuta, ya samu aji a firamaren unguwarmu. Da yamma kuma yana koya mana boko mu tsofaffi. A hannunsa na fara rubuta sunana, gemuna ya riga ya yi fari.

A kwamfutar yana da wata manhaja da yaro zai ja hoton wata da yatsa ya zagaya duniya, ko ya haɗa waya da batir ya ga ƙwan lantarki ya kama. In yaro ya haɗa ba daidai ba, ba ya tsawa. Yakan ce, "Bari ya ƙone a allo, ya fi ya ƙone a ɗakin uwarsa." Duk wanda ya san yadda muke jan wayar lantarki daga gida zuwa gida ya san ba wasa yake ba.

Daren ganin watan azumi Rabi ta ɗauki lemo da tocila ta nuna mini dalilin da jinjirin wata yake fitowa siriri, kamar yadda Malam ya koya musu a aji. Na yi ta dariya har da hawaye, na tara maƙwabta ta maimaita musu.

Wasu bayin Allah sun ba makarantar ƙananan allunan kwamfuta. Kwamitin iyaye suka naɗe su a atamfa suka kulle a kabad, wai kada yara su ɓata. Sai mai duba makarantu zai zo ake fito da su, a goge, a jera, a mayar. Malam ya roƙi mabuɗi har ya gaji. Shugaban kwamiti ya ce masa baƙo ba ya tsara wa masu gida. Haka aji guda suka riƙa layi a kan kwamfutarsa ɗaya. Ya taɓa ce mini, "Baba Alhaji, tsatsa ma ɓarna ce, sai dai ba a ganin mai yin ta."

Ranar jana'iza waɗannan mutanen ne a sahun gaba, suna cewa an yi rashin haziƙi. Na tsaya a bayansu muka sallaci gawa.

Matarsa za ta koma wurin danginta, kwamfutar kuma gadon marayu ce. In ba a buɗe kabad ɗin nan ba, karatun ya bi shi kabari.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Bayan sadakar bakwai Rabi da 'yan ajinsu za su nuna abin da ya koya musu, a farfajiyar makaranta. Kowa ya zo ya gani. Mai riƙe da mabuɗi ma ya zo, na ajiye masa kujera a gaba.