Kawu Hammajo da Birkin Bokitin Kankare

Duk wanda ya san Hammajo a Abbare ya san ba ya kallon mutum sai ya auna shi. Kuna gaisawa idonsa na kan tumbinka. "Jam, jam. Kai dai birkin babur ya ishe ka." Aikinsa ke nan, haɗa wa injuna birki da kuloci, har abin ya bi shi cikin jini. Ni taubashinsa ne, kuma rumfar waldata na jikin tasa, don haka na sha shi fiye da kowa. Ranar da matata ta kawo mana abinci ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Adda, ke sai na tirela." Wayyo! Mun daɗe muna cin gyaɗa da rana kafin ta huce.

Taurin kai kuwa, ba a magana. Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Nukkai ya zo yana son kulocin da ya fi kowanne girma, wai kada ya riƙa zamewa.

"Alhaji, zamewar ita ce amfaninsa. In dutse ya shiga, gara kuloci ya zame da ƙarfen da ke juya injin ya karye."

"Ni dai babba nake so."

"To, ba da hannuna ba."

Alhaji ya kai wa wani ya ɗaura masa. Ba a jima ba ƙarfen ya rabe gida biyu. Sai ga Hammajo ya saka babbar riga da hula, ya ja ni har Nukkai, ya durƙusa gaban injin ya ɗaga hannu. "Alhaji, ya haƙuri? Ashe rai ya yi halinsa." Wallahi na rasa inda zan sa fuskata.

Amma wadda ba na mantawa ita ce ta wani ginin bene a Kachalla Sembe. Akwai injin da ke jan bokitin kankare zuwa sama, leburori kuma a ƙasa suke lodi. Ɗan kwangilar ya sayo wani ɗan birki ya kawo wa Hammajo, ya ce ai daidai yake da ƙarfin injin.

"Injin ne zai faɗo kan yaran nan, ko bokiti?" in ji Hammajo. "Ni nauyin jiƙaƙƙen kankare nake tambaya, da gudun saukarsa. In aka ɗauke wuta bokiti na sama, wa zai riƙe shi?"

"Baba, useni, don Allah ɗaura kawai, aiki na jira."

"Zan ɗaura. Amma kai za ka zauna a ƙasa in gwada."

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi bokitin, ya dubi ɗan birkinsa, ya lalubi makullin mota. Ya tafi ya kawo wanda aka ce.

Mun ɗauka an gama. Ina! Da Hammajo ya ɗaura, ya sa aka cika bokiti fal, aka ja shi sama, ya kori kowa gefe. Shi kuma ya shimfiɗa buzunsa daidai ƙarƙashi ya zauna, ya ce a kashe wuta. Raina ya ɓaci.

"Hammajo, fito! Ka haukace ne?"

"Yi shiru, kana ba birki tsoro."

Aka kashe. Bokiti ya tsaya cak. Na yi ta zazzaga masa masifa a hanya, ya bar ni na gaji, sannan ya ce a hankali, "In ban yarda in sa kaina ba, kan ɗan wa zan sa?"

Da Allah ya yi wa Hammajo rasuwa, ranar jana'izarsa na ga wasu samari a bayan sahu, ƙafafunsu fari fat da siminti, daga wurin aiki suka taho. Ban san sunan ko ɗaya ba, sai na kasa riƙe hawaye. Ya Allah, bawanka ya tsare kawunan 'ya'yan mutane. Ka tsare shi, Ka yi masa rahama. Amin.